Yadda Ake Kafa Dokokin Aji ga Ƙananan Ɗalibai

1. A makon farko na zango, ka zaunar da yaran ka tambaye su: "Me zai sa mu ji daɗin karatu a ajin nan?" Dokar da yaro ya sa baki a cikinta, ya fi kiyaye ta.

2. Ka tace amsoshinsu zuwa dokoki uku zuwa biyar. Ɗan shekara 6 ba zai riƙe goma ba.

3. Ka faɗi abin da za a yi. "Ɗaga hannu kafin ka yi magana" ya fi "Ban da surutu". Shi kuwa "Ku zama yaran kirki" bai nuna wa yaro aikin da zai yi ba.

4. Ka rubuta a kwali da manyan baƙaƙe, kowace doka da hotonta, ka manna daidai tsayin idonsu.

5. Ka koya musu dokokin a aikace; a nan malamai da yawa ke gaggawa. Misali, ka nuna yadda ake shiga layi, yaro ɗaya ya kwaikwaya, sannan dukan aji. Minti biyar kowace safiya har mako biyu, a kuma maimaita bayan hutu, domin sun manta.

6. Ka sanar da su abin da zai biyo bayan saɓa doka: tunatarwa a hankali kusa da kunnen yaro, sauya masa wurin zama, sannan ganawa da iyaye. Ban da duka da kunyatarwa. Idan yau ka kau da kai, gobe ka hukunta, yaran za su riƙa gwada ka.

7. Ka yaba wa wanda ya bi doka nan take: "Madalla, na ga ka jira har aka kira ka."