Cin kifi a Kribi: kurakuran da baƙi suka fi yi wajen zaɓen gidan abinci

Duk wanda ya taso daga Garwa, Marwa ko Ngaundere ya gangaro Kribi, da wuya ya koma bai zauna bakin teku an gasa masa kifi ba. Garin yana kudancin Kamaru, kimanin kilomita 170 daga Duwala idan aka bi ta Edeya, a daidai inda kogin Kienke ke zuba a cikin teku. Kifi yana nan, jatan lande yana nan, kaguwa ma haka. Amma da yawa daga cikin mutanenmu sukan biya kuɗi mai tsoka su ci abin da bai kai ba, wasu ma su kwana da ciwon ciki. Galibi tun wajen zaɓen inda za a zauna ake yin kuskuren.

Babban kuskure shi ne zaɓen kujera kafin a zaɓi kifi. Baƙo ya hangi rumfa mai kyau a kan rairayi, ga iska, ga kiɗa, sai ya zauna ya ce a kawo gasasshen kifi. Daga nan ya sallama komai ga mai gidan: wane kifi ne, yaushe ya fito daga ruwa, nawa ne nauyinsa. Gyaran abin mai sauƙi ne. Ka ce a nuna maka kifin ɗanye kafin ya hau wuta. Gidan da ke da kaya mai kyau ba ya jin haushin wannan, sau da yawa ma da tire za a fito maka da shi ka zaɓa. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce ai an riga an jiƙa shi cikin kayan haɗi, tashi ka yi gaba.

To idan an kawo, me za ka duba? A nan ne mu 'yan tudu muke da rauni, domin mun fi sabawa da tarwaɗa mai rai a cikin baho ko bandar kifi, su kuwa ba sa buƙatar wannan binciken. Fara da ido: na sabon kifi yana nan tar, a ɗan kumbure, ba ya shigewa ciki ko yin fari kamar an zuba masa nono. Ɗaga murfin da ke gefen kansa ka leƙa, cikin ya zama ja mai haske. Idan ya koma ruwan ƙasa ko yana yauƙi, ya kwana biyu. Danna tsokar da yatsa, ta dawo nan take. Sannan ka sansana. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarni mai ƙarfi ɗabi'ar kifin teku ce, alhali sabon kifi ƙanshin ruwan gishiri kawai yake yi. Jatan lande kuma kansa ne ke tona asiri: idan ya fara baƙi ko yana neman rabuwa da jiki, ko kana jin wani wari mai hawa hanci, bar shi. Kaguwa kuwa mai motsi ake saya.

Wani abin da baƙo ba ya kawowa a ransa shi ne, zama kusa da teku ba ya nufin kifin daga tekun nan ya fito. Kamaru tana shigo da daskararren kifi mai yawa daga waje, musamman wanda ake kira makero, kuma yana kaiwa har garuruwan masunta domin ya fi araha. Ba haram ba ne, ba kuma guba ba ne, amma ban ga dalilin da mutum zai sha wannan doguwar tafiya ya ci abin da ake gasawa a bakin titin unguwarsu ba. Ka nemi na gida, da sunayen da ake kiransu a can: bar, sol, dorad, barakuda, ko kyaftin. Kyaftin ɗin nan na teku daban yake da giwan ruwa na kogin Binuwai da tafkin Lagdo da shi ma ake kira kyaftin, don haka kada ka yi gardama idan ka ga siffarsa ta bambanta.

Akwai kuma wata matsala ga makero da tuna da danginsu. Idan suka daɗe cikin zafi ba ƙanƙara, wani sinadari mai suna histamin yakan taru a tsokarsu, kuma wuta ba ta kashe shi. Mutum na gama ci fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya hau ƙaiƙayi. Saboda haka maganar "ai an gasa shi sosai" ba hujja ba ce. Abin tambaya shi ne inda kifin ya wuni kafin a gasa.

Wuri mafi sauƙin kauce wa duk wannan shi ne kasuwar masunta ta Mboa Manga, wadda kowa ke kira debarkade, inda kwale-kwale ke sauke kaya. Ka sayi kifinka da hannunka, ka miƙa wa matan da ke gashi a gefe, ka biya ladan gashi da na abin haɗawa. Laraba da Asabar ne ranakun da aka fi sanin masunta na dawowa da kaya, don haka wanda ke da zaɓi ya daidaita cin kifinsa da su. Wurin ba shi da ƙawa irin ta otal, akwai hayaƙi da hayaniya, amma ni a ganina nan ne mafarin duk baƙon da ke son sanin farashi da kamannin sabon kifi kafin ya shiga gidajen abincin da ke hanyar gangaren ruwan Lobe, kudu da garin.

Maganar farashi kuwa, kada kunya ta hana ka tambaya. Wani wurin da kilo ake sayarwa, wani da ɗai-ɗai, wani da tsibi. Ka tabbatar da wanne ake nufi, a auna a gabanka, ka ji ko soyayyar agada ko miyondo, wato curin rogon nan da ake naɗewa a ganye, suna cikin kuɗin. A yanke magana kafin a hura gawayi. Bayan an ci an wanke hannu ba sauran ciniki. Haka kuma ɗan acaɓan da ya nace sai ya kai ka "wurin da ya fi ko'ina" yana iya samun kamasho a can, kuma a cikin kuɗinka za a fitar. Tambayi mazauna garin da ba su da riba a cikinka, misali 'yan uwa a masallaci bayan salla.

Ga Musulmi akwai tambayar da ake mantawa. A mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne, har da jatan lande da kaguwa, sai mutum ya saki jiki. Amma a wasu gidajen, musamman masu girki irin na Faransa, ana zuba giya a miyar jatan lande, ko a watsa barasa a kunna mata wuta a kasko. Wani wurin kuma waya ɗaya ce ake gasa kifi da naman alade. Tambaya cikin ladabi ta wadatar, kuma gashi zalla da lemon tsami, yaji a gefe, ya fi kowane zaɓi kwanciyar hankali. Yajin a gefen yana da wani amfani: barkono mai yawa yakan rufe ɗanɗanon kifin da ya fara juyawa.

Wanda bai taɓa cin jatan lande ko kaguwa ba ya fara da kaɗan, yara musamman. Jikin wasu ba ya karɓarsu. Idan leɓe ko harshe ya fara kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa nan take, ba a tsaya neman manja ko madara ba.

Idan wani ya yi maka tayin naman kunkurun teku ko ƙwansa, ka ƙi. Doka ta kare su, kuma a ƙauyen Ebodje da ke kudu da Kribi an daɗe ana aikin tsare wuraren da suke zuwa yin ƙwai.

Sai haƙuri. Babban kifi a kan gawayi yakan ci minti 30 ko fiye, don haka wanda aka dire maka cikin minti biyar ɗumame ne. Ka ba da oda tun yunwa ba ta kama ka ba. Abin da ya rage kuma kada a ƙunshe shi a leda a jefa bayan mota har Yawunde cikin wannan zafin, sai dai idan akwai kula da ƙanƙara.