In an ƙara maka harajin gida a Amurka, kar ka nufi kotun tarayya

Ƴan uwa masu gida a Amurka, takardar nan da ƙaramar hukuma ke turowa da ƙimar gidanka, a kanta ake lissafa haraji, in suka ɗaga ƙimar haraji ya hau kenan. Wasu in ransu ya ɓaci sai ka ji sun ce kotun tarayya za su kai ƙara wai an tauye musu haƙƙi. Malam ajiye kuɗin lauyanka, ƙofar nan a rufe take.

Tun 1937 akwai dokar Tax Injunction Act da ta hana kotunan tarayya dakatar da sanya haraji ko karɓarsa a jiha, muddin kotunan jihar na da hanya bayyananniya mai sauri ta jin ƙorafi. Saurin ma dai a baki ne, don a 1981 a shari'ar Rosewell Kotun Ƙoli ta ce tsarin Cook County a Illinois ya wadatar, alhali sai ka biya tukuna sannan ka zauna jiran kusan shekara 2 kafin a maido maka rarar, ba ko sisi a kai. A shekarar dai shari'ar McNary daga Missouri ta toshe hanyar neman diyya a kotun tarayya ita ma.

To ya za ka yi? Fara duba ranar ƙarshe a jikin takardar, nan mutane suka fi faɗuwa. A Texas misali 15 ga Mayu ne, ko kwana 30 bayan an aiko takardar in hakan ya fi nisa. Sai ka karanta bayanan da suka rubuta kan gidan, girman fili, yawan ɗakuna, shekarar gini, sau da yawa za ka ga sun sa banɗaki uku alhali biyu ne. Ka nemo gidaje irin naka a unguwarku da aka sayar kwanan nan da farashinsu, ka ɗau hoton rufin da ke yoyo ko bangon da ya tsage, ka haɗa da takardar kuɗin gyara daga magini.

Da su za ka je ofishin masu ƙiyasin, in sun ƙi ka wuce kwamitin ɗaukaka ƙara na yankin, daga nan kotun jiha. Ko da hujjarka ta tsarin mulkin ƙasa ce a can za ka faɗe ta, ta haka kamfanin kwal na Allegheny Pittsburgh ya bi kotunan West Virginia har Kotun Ƙolin Amurka ya ci nasara a 1989.

Kuma ka biya harajin kan lokaci kana ƙorafin, in ba haka ba tara na hawa, wasu jihohin ma korar ƙarar za su yi.