Shawara ga sababbin zuwa Amurka: ku gwada eriya kafin ku biya kuɗin kebul

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya kama haya kwanan nan, kada ya yi gaggawar ɗaura wa kansa biyan kuɗin kebul na talabijin duk wata. Ya fara sayen eriyar cikin ɗaki, mai araha ma ta isa.

Tun ranar 12 ga Yuni 2009 manyan tashoshin ƙasar nan suka koma dijital, kuma kowace tasha tana iya goya wasu ƙanana a bayanta. Shi ya sa za ka ga 7.1, sai 7.2, sai 7.3. Ta farko ce uwar, sauran 'ya'yanta ne: wata tsofaffin finafinai, wata hasashen yanayi. A garuruwa da yawa tashar yara ta PBS Kids na nan dare da rana, yarana sun bar mini wayata saboda ita. Masu ƙwallo kuma su nemi Telemundo da Univision, ko ba ka jin Sifaniyanci za ka gane an ci.

Ka manna eriyar a jikin taga, can sama, ka shiga saitin talabijin ka sa ta nemo tashoshi. In ka matsar da ita ko da taku ɗaya ne, sake nema. Ni sai da na yi sau huɗu, ashe firiji ne ya tare ta. Hoton dijital ba ya yin yayyafi irin na da, ko ya fito tas ko ya daskare.

Arewa24 dai babu, wannan sai ta intanet.