Darasi na 9: Yaro mai ciwon daji yana warkewa in ba a yanke masa magani ba

A ƙauyukanmu da zarar an ce daji ne ke damun yaro shikenan sai jikin kowa ya mutu, wasu har su fara ba uwar haƙuri alhali yaron na zaune yana shan kunu. Toh ba haka abin yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara yara da matasa wajen 400,000 ne ke kamuwa da wannan ciwo a duniya, a ƙasashe masu arziki sama da 8 cikin 10 suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa ko 3 cikin 10 ba a samu. Ciwon kuwa na can da na nan iri ɗaya ne. Mu abin da ke cinmu shi ne kai yaro a makare, da tsadar magani, sai kuma a fara a bari.

Akwai wanda ya fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, sunansa Burkitt, sunan wani likita ne da ya yi bayaninsa a Uganda a 1958. Muƙamuƙin yaro ke kumbura ko cikinsa, haƙora su fara girgiɗi ba tare da ya faɗi ba, kuma yana girma da sauri sosai, sati ɗaya sai ki ga fuskar ta sauya. Nan ake cewa hangum ne ko ciwon haƙori. Hangum yana saɓewa cikin kwana goma haka, kumburin da ya wuce sati biyu yana ƙaruwa ba hangum ba ne. Akwai na ido, yawanci ga yaran da ba su kai shekara 5 ba, in haske ya daki idon sai a ga tsakiyarsa fari yana ƙyalli kamar na mage da dare. Akwai na ƙoda, shi uwa ce kan fara jin wani abu mai tauri a gefen ciki wajen wanka. Na jini kuma zazzaɓi ne da ya ƙi jin magani, tafin hannu ya yi fari fat, dasashi na jini, yaro na kukan ƙasusuwa.

Dan Allah kar a kira wanzami ya yi sakiya ko tsaga. Na san za a ce ai daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, wannan maganar ta sa an zaunar da yara da yawa a ɗaki ana shafe-shafe har lokaci ya ƙure. Addu'a a yi ta, babu mai hanawa, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. A fara da na kusa, in sun ga ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa babba, irin su Rasheed Shekoni a Dutse ko na tarayya da ke Birnin Kudu ko asibitin Malam Aminu Kano. Can za a ɗebi jini, a yi hoto, wani lokaci a ɗan yanki tsokar wurin a duba, sai sun san irinsa kafin su san maganinsa.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne kemo, a cikin ƙarin ruwa ake sa shi, ba sau ɗaya ba, a yi a huta a dawo. Yana da wahala gaskiya, amai, kasala, ƙurajen baki, gashi ya zube. Gashin zai dawo. Wasu kan buƙaci tiyata ko a gasa wurin da na'ura. Na jini kan ɗauki shekara 2 ko fiye.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa, ku saurara da kyau. Irin su Burkitt suna jin magani da wuri, zagayen farko kawai sai kumburi ya saɓe, yaro ya tashi yana wasa, a dawo gida ana barka. Ranar komawa ta zo ga damina ta kankama ga kuɗin mota babu, sai maigida ya ce, "Ke wai ba ya warke ba? Bari a gama noman nan." Ita kuma kaka ta ɗora da cewa ruwan nan da ake ɗura masa shi ke ƙarar da shi. Ciwon bai tafi ba, kamar ƙiri-ƙiri ne da aka sare samansa saiwar na ƙasa, kuma in ya dawo ya fi na farko wuyar magani, kuɗin da aka kashe a baya duk sun tafi a banza. Abin da uwa za ta ce a nan shi ne, "Malam, likita bai sallame mu ba, ga kati, mu je ya faɗa da bakinsa." Shi ya sa nake son maigida da kansa ya shiga wurin likita ko sau ɗaya ya ji, saƙo ba ya kai abin da kunne ya ji.

Jinyar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Uwa na gadon asibiti, wa zai riƙe ƙannen? Abokiyar zama ko gwaggo ta karɓa, ba sai an roƙe ta ba. Baffanni da kawunnai su ba da jini, don ana yawan buƙata kuma ba ya rage lafiyayyen mutum da komai. Gonar uban a yi mata gayya. Ƴan adashe su bar wa uwar kwasar farko, masu fitar da zakkar hatsi su tuna da gidan, a kuma tambayi ofishin walwala na asibiti ko akwai sassauci. Sannan ba a ɗaukar ciwon daji, a bar ware masa kwano, a bar hana yara zama da shi. Shi ne ma ake tsare wa, don maganin na rage masa garkuwa, kar ya kusanci mai ƙyanda ko ƙarambau, ruwan shansa a tafasa, abinci da zafinsa, kunun gyaɗa da ƙwai da wake ko kaɗan-kaɗan ne. In jikinsa ya yi zafi lokacin da yake kan kemo ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa kemis, asibiti kai tsaye.

Shi kansa yaron a daina yi masa ƙarya. Kar a ce allura ba zafi, a ce da zafi amma ina nan riƙe da hannunka. Yaron da aka yaudara sau ɗaya gobe sai an danne shi, wanda aka gaya wa gaskiya sau da yawa da kansa yake miƙa hannu. In abokansa na tsokanarsa da ƙwal-kwabo a saya masa hula, yarinya a ɗaura mata ɗankwali mai kyau, a yi wa malamin makarantarsu bayani. Kuka kuma a fita waje a yi.

Aikin aji na yau: kowa ya zo da tsohon katin asibiti daga gida. In kin ga an rubuta 14/7, lambar farko rana ce, ta biyu wata, wato 14 ga Yuli. Ki nemo ranar a kalanda, ki faɗa mana wace rana ce a mako da kasuwar da ke ci kafin ita, sannan ki rubuta sunayen mutum uku a danginku da aikin da kowanne zai ɗauka in jinya ta kama.