Ka auna gonarka da waya kafin ka sayi taki

Ƴan uwa manoman shinkafa na fadamun Argungu da Suru da Bunza, wallahi abin da ke cinye mana kuɗi shi ne da yawanmu ba mu san faɗin gonarmu ba sai kirdado. Mutum ya ce hekta guda gare shi alhali ba ta kai ba, ya sayi takin hekta, ya biya mai tarakta kuɗin hekta, ga buhun yuriya ya yi tsada.

In dai wayarka Android ce za ta auna maka. Shiga Play Store ka sauke manhajar auna fili mai suna GPS Fields Area Measure tun kana cikin gari inda akwai sabis, shi GPS ɗin ba ya cin data amma yana shan caji sosai, don haka ka fito da batir cike. In ka isa gona kunna lokeshan, tsaya a kusurwa ɗaya ka ɗan dakata har alamar da ke nuna inda kake a taswira ta daina tsalle-tsalle, sannan ka danna farawa ka bi kan iyaka a ƙafa a hankali, kar ka yanke hanya don gudun laka domin duk inda ka yanke an rage maka gona ke nan, har ka dawo inda ka faro. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi. Ka sake zagayawa, in lambobin sun zo kusa da juna to rubuta a takarda ka aje, waya tana lalacewa.

Da wannan lamba sai ka buɗe manhajar RiceAdvice ta cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice, za ta tambaye ka irin da kake shukawa da abin da ka saba girba, ka faɗa mata gaskiya don Allah banda ƙari, sai ta ba ka yawan NPK da yuriya da lokacin zubawa. In Turancin ya yi maka nauyi malamin gona ko yaron gida ya karanta maka.

Akwai kuma manhajar Plantix, ka ɗauki hoton ganyen da ya kamu a wuri mai haske ta faɗa maka cutar da take zato. Ni dai ban yarda ka ruga kasuwa sayen maganin feshi daga ganin hoto ɗaya ba, ka fara kai wa malamin gona ganyen ya duba da idonsa tukuna.