Yadda ake saita iskar kwamfaresa kafin feshin farce ko fata

'Yan matan da suka koyi feshin farce a shagona da ke Barnawa, kusan dukkansu wuri ɗaya suke faɗuwa a satin farko: suna saita iska alhali ba ta fita. Sai su duba agogon kwamfaresa, su ga tsinke ya tsaya a kan 20, su ce shi ke nan.

To ba shi ke nan ba. Lambar da kike gani lokacin da bindigar feshi ke ajiye ba ita ce ta aiki ba. Ki bar kofin bindigar babu fenti, ki danna kunama iska ta riƙa fita, sannan ki duba. Za ki ga tsinken ya sauka. A wannan halin, yatsanki na kan kunama, za ki murɗa regileta, wato abin da ke ƙara ko rage ƙarfin iska, har tsinken ya tsaya inda kike so. Ni ma na sha ɓarnar fenti kafin na gane haka. Kuma ki lura da agogonki, wani yana da layi biyu na ma'aunin ƙarfin iska, PSI da bar; lambobin da nake faɗa a nan duk na PSI ne. Bar 1 kusan PSI 14 da rabi ne, don haka wadda ta kai tsinke bar 3 ta wuce PSI 40, ga shi a kan yatsan mutum.

Farce ba ya son iska mai yawa. Zane mai siririn layi ina yinsa tsakanin 12 da 15, launi mai narkewa cikin wani kuma 15 zuwa 20. A shagona ba a wuce 25. Idan fenti ya fara tartsatsi ko ya ƙi fita, hannu zai so ya ƙara iska. Kada ki ƙara. Fentin ne ya yi kauri, ki tsinka shi ya koma kamar madara, ki goge bakin allurar da ke cikin bindigar. Da hunturu fenti yana bushewa a bakin nan da nan, sai ki yawaita gogewa. Da damina kuwa ruwa ke taruwa a ƙaramar kwalbar da ke ƙarƙashin regileta, ki zubar da shi kowace safiya, in ba haka ba zai tofo miki ɗigo a tsakiyar aiki.

Don Allah kada tsadar kaya ta sa ki aro kwamfaresan mai faci. An yi shi don taya ne, iskarsa na iya zuwa da mai da tsatsa. Gara ƙarami ko na hannu ne, muddin yana da regileta da agogo.

Fata kuma rage iskar ake yi sosai, zuwa kusan 10. Feshin duhunta fata, wanda Turawa suka fi yi, sinadarinsa DHA ne, kuma don saman fata kawai aka yi shi: ba a shaƙarsa, ba ya taɓa ido ko leɓe. Ki ja baya kamar taƙi guda, kada ki manna bakin bindiga a jiki, kada ki fesa kan ciwo ko yanka. Ku sa takunkumi ke da wadda za ki yi wa feshin, ki buɗe taga. Kafin ki taɓa kowa, ki gwada a kan takarda, sannan a bayan hannunki.