Ciwon ƙwauri bayan ƙara gudu: kurakuran da na gaji da ganin ana maimaitawa

Kusan duk wanda ya zo mini da kukan ƙwauri, labarinsa ɗaya ne. Ya yi wata 2 ko 3 yana sassarfa, haki ya ragu, jiki ya saki, sai wani mako ya ce bari ya gwada ƙarfinsa. Ya ƙara nisa, ya ƙara sauri, ya haɗa da hawan tudu. Kwana 10 bayan nan ga shi yana saukowa daga matakala yana dafa bango. Na ji labarin nan har na haddace shi, kuma ni ma ta wannan ƙofar na bi, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga wani ya doshe ta ido rufe.

Babban kuskuren shi ne yarda da abin da huhu ya faɗa maka. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni. Ƙashi da agara ba haka suke ba, su masu nawa ne. Idan ka ɗora wa ƙashi aikin da bai saba ba, jiki yakan fara rushe ɓangaren da ya gaji tukuna, sannan ya gina sabo a gurbinsa. Rushewar makonni take ɗauka, ginin kuwa watanni. A tsakanin nan ƙashin ya fi rauni a kan yadda yake kafin ka ƙara gudun, kuma a daidai lokacin ne numfashinka ya fi daɗi, kake jin kamar ka tashi sama. Kowane taku a gudu yana sauke wa ƙafa ninkin nauyin jikinka sau 2 zuwa 3. Mai taku 160 a minti ɗaya, in ya yi rabin awa ya taka ƙasa sau 4,800. Yanzu lissafa wanda ya ninka wannan cikin mako biyu.

Ni kilomita 20 nake yi a mako, cikin kwana 4, kuma na daɗe a haka lafiya lau. Sai na sa wa raina shiga tseren kilomita 21. Cikin mako 3 na kai kaina kilomita 45, na sa gudun sauri sau biyu a mako, ranar hutuna kuma na mayar da ita ranar tudu. Abu uku na canza a lokaci guda. A mako na huɗu gefen ƙwaurina na ciki, daga tsakiya zuwa saman idon sawu, ya fara zugi. Sauri ya haifi nawa.

Abin da nake yi yanzu, abu ɗaya nake taɓawa. In nisa nake ƙarawa, sauri yana nan inda yake. In na shigo da sauri, nisa ba ya motsi, kuma sau ɗaya ne a mako. Tudu shi ma aiki mai nauyi ne, musamman gangarowa, don haka ba na haɗa shi da ranar sauri, ba na kuma jera kwana biyu masu wuya. Nakan hau mako 3, na huɗu in rage kamar kashi ɗaya cikin uku. Akwai dokar da ake yawan faɗa ta kada ƙari ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Ma'auni ne mai taimako ga wanda ba shi da birki, amma ban ɗauke shi aya ba, domin nisa kawai yake aunawa. Mutum zai iya tsayawa a kan kilomita 20 ɗinsa, ya mayar da rabinsu gudun ceton rai, ƙwaurin ya ba shi amsa. Yawancin guduna a saurin da zan iya hira ne ba tare da numfashi ya yanke mini magana ba.

Kuskure na biyu shi ne ya cinye ni, kuma shi ne wanda in na gani ba na iya yin shiru: shan maganin kashe zafi a fita gudu.

Malam, me kake tsammani ƙwayar ta yi maka? Ciwon ta toshe wa baki, ƙashin yana nan yana shan duka. Na yi mako 2 ina haɗiyar ibuprofen kafin in ɗaura takalmi. Gudu ya yi daɗi, na ce ai na warke. A cikin mako biyun nan ciwon ya canza kama. Da can a shimfiɗe yake, tsawon tafin hannu a gefen ƙashin, yana kama ni a farkon gudu, in jiki ya yi ɗumi ya sake ni. Sai ya tattare a wuri guda wanda kan yatsa ɗaya zai rufe. Ya daina sakina a tsakiyar gudu, ƙaruwa ma yake yi. Daga baya ina kwance da dare yana zugi. Na je aka ɗauki hoton ƙashi, ba a ga komai ba, na dawo da murna na ci gaba. Ban san cewa tsagewar ƙashi irin ta gajiya sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum a mako 2 ko 3 na farko ba. Sai da na fara ɗingishi a tafiyar ƙafa aka yi mini hoton MRI, mai nuna cikin ƙashi da tsoka dalla-dalla, shi ya nuna tsagar. Mako 10 ban yi gudu ba, na farkonsu da sanda nake tafiya. Tseren da na yi wa wannan gaggawar a zaune ya wuce ni. Da na tsaya ranar da ciwon ya fara, watakila mako 2 na rage aiki ya ishe ni.

Har yanzu ina ganin masu yin haka, wasu ma su haɗa diclofenac da man zafi da bandeji, su ce ai ɗan wasa da ciwo yake wasa. Wa ya gaya muku? Waɗannan ƙwayoyin suna cin ciki, kuma shan su a yi dogon gudu ana zufa nauyi ne a kan ƙoda. Ga shi sun ɗauke maka abu ɗaya tilo da kake da shi na gane halin da ƙashinka ke ciki. Jiki magayi ne, ka bar shi ya yi magana. Idan ba za ka iya gudun ba sai da ƙwaya, to ba ranar gudu ba ce.

Ka zauna ka bi gefen ƙashin da yatsa, daga idon sawu zuwa sama, kana dannawa. Ciwon da ya bazu santimita 5 ko fiye a gefen ciki, galibi ciwon ƙwaurin nan ne na masu gudu, wanda rage aiki ke kwantar da shi. Wanda ya tsaya a ɗigo ɗaya, ko aka ji ɗan kumburi a wurin, ko ya soke ka in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, ko ya hana ka barci, wannan a daina gudu a ranar a ga likita. In kuma ɗigon a gaban ƙashin yake, a kan kaifin nan da kake ji ƙarƙashin fata, kada a yi wasa da shi ko kaɗan. Tsagar wannan wurin tana da wuyar haɗewa, wani lokaci sai an yi tiyata.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Da ciwo ya taɓa su sai su kwanta mako 3 ba motsi, ran da ya lafa su koma daidai inda suka tsaya, da nisan da saurin. Kwana 5 ciwo ya dawo, su ce ƙafarsu ce ba ta gudu ba. Ƙafar lafiyarta ƙalau, hutun ne ya rage mata ƙarfi, aka kuma sake jibga mata kayan da suka kayar da ita tun farko. In ba ƙashi ne ya tsage ba, ni ba na tsayawa cak. Nakan raba nisa biyu, in ajiye sauri da tudu gaba ɗaya, in cike gurbin da keke ko ninƙaya. Ma'aunina na tsoka da agara shi ne, in tsananin ciwo bai wuce maki 3 cikin 10 ba lokacin gudu, kuma washegari da safe ya koma yadda yake, na ci gaba. In na tashi ya fi jiya, na yi yawa. Wannan rangwamen bai shafi ƙashi ba. Ƙashin da ya tsage ba a gudu a kansa da ciwo ko na ƙwayar zarra.

Sha-raɓa kuwa kowa ya yi watsi da ita. Mutum zai yi shekara yana gudu bai taɓa ware minti 10 ya ƙarfafa ta ba, alhali ita ke tura jiki gaba a kowane taku, kuma in ta gaji dukan sai ya koma kan ƙashi da agara. Gwada kanka: tsaya da ƙafa ɗaya, ka dafa bango da yatsa, ka yi ɗage har ƙarshe ka sauko a hankali. In ba ka kai sau 20 zuwa 25 ba, ga inda aikinka yake. Wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Håkan Alfredson, ya fitar da tsari a 1998 don ciwon agara: a tsaya a bakin matakala, a sauke dunduniya a hankali, sau 15 zagaye 3 da gwiwa a miƙe, sannan haka da gwiwa a ɗan lanƙwashe, sau biyu a rana har mako 12. Wannan na mai jinya ne. Ni don rigakafi kwana 3 nake yi a mako, in ya yi sauƙi in goya jaka mai nauyi. Na gwiwa a lanƙwashen nan kada ka tsallake shi, shi ke kama tsokar can cikin sha-raɓa wadda ta fi shan wahala a gudu.

Sauran ƙananan kurakuran ba sai na ja su ba. Takalmin da ya haura kilomita 500 zuwa 800 ya gama aikinsa ko da samansa na ƙyalli. Sabon takalmi ba a fara shi da dogon gudu, balle mai ƙaramar dunduniya ga wanda ya saba da mai tudu, agara ce za ta biya. Amma kada ka ɗauka sayen takalmi zai wanke laifin gaggawa, na ga masu canza uku ciwo yana nan. Masu wurga ƙafa can gaba don su yi sauri, ku gajarta taku ku ƙara yawansa kaɗan, kamar kashi 5 cikin 100, ƙafar ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jiki. Gudu kullum a gefe ɗaya na titi mai karkata yana sa ƙafa ɗaya ta fi shan aiki. Murza ƙashin da ke ciwo da ƙarfi ba magani ba ne, tsokar da ke gefensa ake tausawa. Ƙanƙara tana sanyaya zafi na ɗan lokaci, nan aikinta ya tsaya. Wanda aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na ciprofloxacin ko danginsa ya gaya wa likita cewa yana gudu, domin suna raunana agara.

Ɗaya da ba zan wuce da sauri ba: ƙara gudu da rage abinci a lokaci guda don a zubar da ƙiba. Ƙashin da ake rushewa ana ginawa da me zai ginu? Jikin da ba ya samun isasshen abinci da barci, ga ƙarancin kalsiyam da bitamin D, shi ya fi saurin tsagewar ƙashi. 'Yar'uwa, in kin ƙara gudu al'adarki ta fara tsallake wata ko ta ɗauke, kada wani ya ce miki alamar ƙwazo ce. Jiki ne ke cewa abin da ke shiga bai kai abin da ke fita ba, kuma ƙashi na cikin masu fara biyan bashin. Ki ga likita.

Kuma ba kowane ciwon ƙasan gwiwa ne ciwon ƙwauri ba. In ƙafar takan ɗaure tam kamar za ta fashe a kusan lokaci iri ɗaya a kowane gudu, saman sawun ya mutu ko sawun ya riƙa faɗuwa yana marin ƙasa, sannan komai ya wuce jim kaɗan bayan ka tsaya, matsi ne ke taruwa a cikin kuben da ya lulluɓe tsokar, gwajinsa daban ne. In ka ji ƙas a bayan dunduniya kamar wani ya harbe ka, ka waiga ba kowa, kuma ka kasa ɗage, agara ce ta tsinke, asibiti a ranar. In sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta canza launi, musamman bayan doguwar tafiya a zaune ko jinya a kwance, kada a tausa ta, yana iya zama gudan jini ne a jijiya. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na ciwo tare da haka, ba a jiran safiya.

Da likita ya sallame ni, sharaɗin da muka bi shi ne in iya tafiyar sauri ta minti 30 ba ciwo, in kuma yi tsalle 10 da ƙafar ban ji komai ba. Ranar farko gudun minti 1 na yi, tafiya minti 2, sau 8, na koma gida. Kwana ɗaya gudu, kwana ɗaya hutu. Duk mako ina ƙara minti na gudu ina rage na tafiya, kuma kowace safiya kafin in sauko daga gado nakan bi ƙashin da yatsa. Sau ɗaya na ji wurin ya ɗan amsa, na koma matakin makon da ya wuce. Mako 7 na yi kafin in koma kilomita 20 ɗina, gudun sauri kuma ban taɓa shi ba sai da na ƙara wata guda a kai.